Sarauniyar Lugu a Hannun Abdulaye Mamani

A bakin Bahaushe, sarauniya muƙami ne. Daurama sarauniya ce, Amina ta Zazzau ma haka ake kiranta, kuma har a kasuwa za ka ji an ce wance ce sarauniyar masu fura. Amma yau a Nijar idan aka ce Sarauniya, ba a ƙara komai ba, mace ɗaya ce ke faɗo wa mutane a rai: ta garin Lugu, wadda ta ƙi miƙa wuya ga rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Lugu yana cikin Arewa, kuma 'yan'uwanmu na Najeriya kada su ɗauka arewacin ƙasarsu nake nufi. Arewa a nan ƙasar Arawa ce, ta wajen Dogon Dutsi da Matankari. Sunan matar Mangu, amma muƙamin ya kusa haɗiye sunan. Akwai gidan rediyo da talabijin a Yamai da ke amsa sunan Sarauniya, akwai makarantu, a 'yan shekarun nan har gwamnati ta ƙirƙiro lambar yabo da sunanta. Idan aka bi sawun wannan ɗaukaka, kusan duka za a tarar ta faro ne daga littafi ɗaya, ƙagaggen labarin da Abdulaye Mamani ya rubuta da Faransanci, wanda kamfanin L'Harmattan ya buga a Paris a 1980.

Ina son littafin nan, kuma ina da ƙorafi a kansa. Ƙorafin nawa ya fi nauyi a wuri ɗaya, wato yadda ya amsa tambayar abin da ya kayar da Voulet, domin a ganina amsar da ya bayar ta yi kama da wadda gwamnatin Faransa ta bayar, ko da yake kowannensu da inda ya nufa. Kafin mu kai can, ya kamata a ba marubucin haƙƙinsa.

An haifi Mamani a Gudumariya a 1932, ya yi siyasarsa a Damagaram ƙarƙashin jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari, wadda ta nemi a kaɗa ƙuri'ar "a'a" ga Faransa a 1958. Sawaba ta faɗi, aka haramta ta, Mamani ya yi shekaru yana gudun hijira, galibi a Aljeriya. Ya dawo gida bayan juyin mulkin Seyni Kunce na 1974, gwamnatin sojan ita ma ta ɗaure shi. Ya rasu a hatsarin mota a 1993. Wanda ya san wannan tarihi zai gane abin da mutumin yake nema a Lugu. Ƙasarsa ta ce "i" a ranar da shi ya so ta ce "a'a", sai ya waiwaya baya yana neman wanda ya taɓa cewa "a'a" a wannan ƙasa, ya same ta mace, kuma ba Musulma ba, a wani ƙauye na Azna da masu mulki ba su damu da shi ba. Zaɓin nan kansa jarunta ce. Da ya ga dama da ya ɗauki wani sarki mai fada da algaita da zuri'a masu faɗa a ji, ya samu tukuici.

Kuma abin da ya tarar a rubuce kaɗan ne ƙwarai. A takardun Faransawa yaƙin Lugu na ranar 16 ga Afrilu 1899 bai wuce 'yan layuka ba: rundunar ta rasa mutum huɗu, shida sun ji rauni, an harba harsashi wajen 7,000, aka ƙone gari. Joalland, hafsan da ke kula da igwar rundunar, da ya zo rubuta nasa labarin bayan shekaru talatin, tsohuwar matsafiya kawai ya ɗauke ta. Daga wannan ɗan gari Mamani ya tuƙa tuwon da ya ƙosar da ƙasa guda. Ya ba ta ƙuruciya: marainiya ce da Dawa, aminin mahaifinta, ya rena da nonon goɗiya, ya koya mata baka da kibiya da sirrin itatuwa. Ya ba ta maroƙi, ya ba ta masoyi, ya ba ta fada da mayaƙa. Inda ya fi burge ni shi ne cikin sansanin Turawa. Bai zana rundunar a matsayin farare suna kashe baƙaƙe kurum ba. Turawan tafiyar ba su kai goma ba. Masu riƙe da bindigogi 'yan Afirka ne da aka ɗebo daga ƙasashen Bambara da Mosi da maƙwabtansu, ga tafinta wanda maganarsa ke iya raya gari ko ta kashe shi, ga ɗaruruwan 'yan dako da aka kamo da ƙarfi, ga matan da aka kwaso ganima ana rabawa. Mamani ya shiga cikin waɗannan mutane ya nuna kwaɗayinsu da tsoronsu. Wannan gaskiya ce mai ɗaci da masu waƙar kishin ƙasa suka saba tsallakewa, shi kuwa bai tsallake ta ba.

To amma wace Sarauniya ce ya ba mu? Masu bincike irin su Antoinette Tidjani Alou ta jami'ar Yamai da Elara Bertho sun nuna tazarar da ke tsakanin ta littafi da ta Lugu, kuma tazarar babba ce. Sarautar Lugu tana nan har gobe, mata ne ke gadonta, kuma bisa al'adar garin gawar wadda ta rasu ce ke nuna magajiyarta yayin da ake ɗauke da ita, abin da suke kira tarkama. Mai riƙe da sarautar tana zaune ne a ɗakinta, tana kaɗin auduga, tana kula da sha'anin ƙasa da ruwan sama da iskoki bisa addininsu na gargajiya. Labarin asalinsu yana komawa Daura. Kusa da garin akwai dutsen Tunguma, wanda ake kai ƙara gabansa idan an yi sata ko rikicin gona. Ikon irin wannan mace yana cikin zamanta wuri ɗaya ne da kwarjinin da ake ganin tana da shi, har maza su ɗauki baka su tsaya saboda ita. Mamani ya fitar da ita daga ɗaki, ya mayar da ita budurwa mai ƙarfin jiki da idon damisa, ya sa ta a gaban mayaƙa. Marubucin ƙagaggen labari yana da wannan 'yanci, ban musa ba. Tambayata ita ce wa aka yi wa wannan kwalliya. Mace mai takobi siffa ce da mai karatun Faransanci ya riga ya sani tun daga Jan Dark tasu, ba ya bukatar a yi masa bayani. Tsohuwa mai mazari a hannu wadda ba ta fita ƙofar gida amma gari ya yarda ya ƙone saboda ita, wannan ta fi wuyar rubutawa, kuma ita ce tamu. Sai ga shi yau yaron da ya yi lakkwal a Dogon Dutsi ya fi sanin ta littafi a kan wadda ke zaune kusa da shi.

Akwai wani abin dariya mai ban tausayi a nan. Da yawa daga cikin masu kiran sunanta a taron siyasa, idan ka ce musu su je su gaishe da magajiyarta a Lugu, za su nemi tsari, domin a bakinsu kalmar Azna zagi ce. Jarumar littafi ta fi sauƙin so, tunda an wanke ta daga addininta an bar mata kibiya kawai.

Ƙorafina na biyu ya shafi yadda littafin ya raba mutanen ƙasa. A cikinsa fadar Sakkwato tana kallon Lugu a matsayin ƙaya a ƙafa, wasu masu rawani har suna ganin gara Nasara ya kawar musu da ita, sarakunan maƙwabta kuma suna lissafin ribar da za su ci. Akwai gaskiya a ciki: tsohuwar gaba tsakanin masu jihadi da Azna ba ƙirƙira ba ce, kuma rashin haɗin kan sarakuna ya sauƙaƙa wa Turawa aiki a ko'ina. Amma mai karatu yana rufe littafin da tunanin cewa Azna sun tsaya, Musulmi sun yi ciniki, alhali abin da ya faru a watanni uku na bayan Lugu bai goyi bayan haka ba. Birnin Ƙonni gari ne na Musulmi mai ganuwa, cikin inuwar Sakkwato. A watan Mayu na 1899 ya ƙi ba rundunar abin da ta nema, aka kafa masa igwa, aka shiga aka kashe dubban mutane. Babu inda aka zubar da jini a duk tafiyar kamar nan. A ƙarshen Yuli kuma Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga ya fito da dakarunsa ya tari ragowar rundunar a Tirmini, aka ci shi da yaƙi, daga baya aka bi shi aka kashe. Mamani ya san Damagaram kamar tafin hannunsa, saboda haka ba rashin sani ba ne. Labarin da ya tsara yana bukatar fitila ɗaya a cikin duhu, sai ya rage wa sauran fitilun mai.

Yanzu ga babbar maganar. Bayan yaƙin Lugu, Sarauniya takan ɓace daga shafuffuka masu yawa, labari ya bi rundunar zuwa gabas. Amma inuwarta ba ta rabuwa da su. Sojoji sun shiga garin sun tarar da shi wayam, sun ga kayan tsafi, tsoro ya kama su, suna mafarkinta, suna ganin duk masifar da ta same su daga gare ta take. Sannu a hankali rundunar ta ruɓe daga ciki har sojoji suka juya wa shugabanninsu bindiga. Mamani mai wayo ne, bai fito ƙarara ya ce asiri ne ya kashe Voulet ba. Ya bar ƙofa a buɗe ga mai son ya ce tsoron asirin ne ya yi aiki. Amma tun daga bangon littafin an kira ta sarauniya mai sihiri, kuma duk ginin labarin yana jan mai karatu zuwa ga cewa wanda ya taɓa Lugu ba ya gamawa lafiya. A matsayin labari wannan yana da daɗi, yana sanyaya zuciyar wanda aka zalunta.

Sai dai mu duba yadda abin ya gudana. Tun a watan Janairu na 1899, wata uku kafin Lugu, rundunar ta afka wa Sansane Hausa a bakin kogin Kwara ta kashe mutum 101, cikinsu har da mata da yara. (Sunan garin kada ya ruɗe mu: a bakin Zabarmawa "hausa" na nufin gaɓar hagu ta kogi.) Wani hafsa mai suna Peteau ya saɓa da Voulet aka kore shi, ya rubuta wa budurwar da zai aura wasiƙa yana zayyana abin da ya gani, wasiƙar ta bi hannu har ta kai ga ministan ƙasashen mallaka a Paris. Cikin watan Afrilu, watan da ake yaƙin Lugu, aka umarci Laftanar Kanar Klobb, wanda ya yi kwamandan Tumbuktu, da ya bi sawunsu ya karɓe ragamar tafiyar. Bai sha wuyar gane hanya ba, ƙonannun garuruwa ne suka yi masa jagora, kuma a Koran Kalgo ya tarar da 'yan mata ƙanana a rataye a rassan itatuwa. Ya cim musu a Dankori, kusa da Tasawa, ranar 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasar Faransa, Voulet ya sa aka harbe shi. Daga nan Voulet ya shaida wa mutanensa cewa shi ya bar zama Bafaranshe, zai kafa daular kansa. Sauran hafsoshi suka janye jiki. Sojojin da suka gane cewa wannan hanya ba ta komawa gida suka kashe Chanoine ranar 16, suka kashe Voulet ranar 17. Wasiƙa ce ta taso da Klobb, kisan Klobb ne ya raba kan hafsoshi, son komawa gida ne ya sa sojoji tawaye.

Me Faransa ta ce game da wannan duka? Ta ce hauka ne. Likitocin mulkin mallaka suna da wata cuta da suka raɗa wa suna sudanit, wai zafin ranar ƙasar Sudan da kaɗaici suna taɓa ƙwaƙwalwar Bature har ya aikata abin da ba halinsa ba. Wani ɗan majalisa, Vigné d'Octon, ya nemi majalisar dokoki ta kafa kwamitin bincike a 1900, aka ƙi. Binciken da ma'aikatar ta yi da kanta aka rufe shi a 1902, aka ɗora laifin a kan matattu biyu da rana. Babu wanda ya tsaya gaban alƙali saboda Ƙonni. Abin da ya girgiza Paris ma tun farko shi ne an kashe kanar Bafaranshe, kuma ɗaya daga cikin masu laifin ɗan Janar Chanoine ne, wanda ya riƙe ma'aikatar yaƙi a 1898. Rundunar kuwa ba a rushe ta ba. Joalland da Meynier, mataimakin Klobb da ya tsira da rauni, suka ci gaba da ita, aka ci Damagaram, aka kai tafkin Cadi, aka haɗu da rundunar da ta keto Sahara daga Aljeriya da wadda ta taso daga Kwango, aka kashe Rabe a Kusuri ranar 22 ga Afrilu 1900. Joalland da Meynier duka sun mutu suna janar. Iyakokin da muke rayuwa a cikinsu yau a Nijar da Cadi, wannan tafiya tana cikin abin da ya shata su.

Ka ajiye bayanin biyu gefe da gefe. Paris ta ce ƙasar Afirka ce ta shiga kan Voulet ta hanyar rana. Littafin Mamani ya ce ƙasar Afirka ce ta shiga kan rundunarsa ta hanyar asiri. Ɗaya yana neman wanke Faransa, ɗaya yana neman ɗaukaka Lugu, amma dukansu sun mayar da al'amarin wani abu na gaibu da ya sauka a kan mutum biyu, kuma da mutuwarsu magana ta ƙare. Abin da ya ɓace a tsakani shi ne lissafi, alhali kisan nan da lissafi aka yi shi. An tura runduna mai bakuna sama da dubu ba tare da isasshen guzuri ba, da nufin ta ci daga abin da ta tarar a hanya. Yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka sa wa hannu a watan Yuni na 1898 ta zagaye Sakkwato da da'ira mai nisan mil 100 ta bar wa Ingila, ta tura Faransawa arewa inda rijiyoyi ke da nisa da juna, kuma ana tsakiyar rani. Ƙauyen da ke da rijiya ɗaya da rumbunan da za su kai shi damina, idan irin wannan taro ya sauka masa, ko ya bayar ya mutu da yunwa, ko ya hana a ƙone shi. 'Yan dako suna mutuwa ko su gudu, sai a kamo wasu a gari na gaba. Sojojin haya kuma da ganima ake biyansu, ganimar har da mutane. Kuma waɗanda suka zaɓi Voulet da Chanoine sun san su sarai, domin su ne suka ci Wagadugu a 1896 da irin wannan hannu, aka yaba musu. Wanda ya tsara tafiyar a ofis yana da rabonsa a Koran Kalgo tun kafin rana ta taɓa kan kowa.

Za a iya ce mini ƙagaggen labari ba kotu ba ne, kuma Mamani bai ɗauki alkawarin rubuta tarihi ba. Haka ne. Da littafin ɗaya ne cikin goma da ke magana a kan 1899, da ban tsawaita ba. Amma a wurin yawancinmu shi ne tarihin, shi ake karantawa a makaranta, daga gare shi 'yan siyasa ke ɗebo kalmomi. Littafin da ya hau wannan matsayi dole a tambaye shi abin da ba a tambayar sauran. Kuma illar tana bayyana a yadda muke ba da labarin: muna ba da shi a matsayin nasara, mugu ya zo, Sarauniya ta gama da shi. Wanda ya yi nasara ba ya kai ƙara. Mutanen Lugu kuwa an ƙone musu gari sun watse cikin daji, kuma ƙasar duka ta shiga hannun Faransa shekara sittin.

Fim ɗin da Med Hondo, ɗan asalin Muritaniya, ya yi daga littafin a 1986 ya ƙara wa wannan hoto ƙarfi. Fim ne mai kyau, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987, kuma ya fi littafin tsayawa a kan ta'asar rundunar, har mai kallo ya ji ta a jikinsa. An so a ɗauke shi a Nijar, abin bai yiwu ba, Burkina Faso ta zamanin Thomas Sankara ta karɓe shi. Sakamakon haka Ai Keita, wadda ta fito a matsayin Sarauniya, da Julanci take magana. Ba laifin Hondo ba ne, inda aka buɗe masa ƙofa nan ya shiga. Amma a lura da tafiyar da matar nan ta yi: Bahaushiyar Arewa ce, ta shiga littafi da Faransanci, ta fito a majigi da Julanci, har rubutun muƙaminta ya koma yadda Bafaranshe ke jin sa, da "r" biyu da "ou". Jikokin waɗanda suka tsaya a Lugu sai an yi musu tafinta kafin su ji abin da kakarsu ke faɗa.

Kaburburan Voulet da Chanoine suna nan a Maijirgi, a gefen babbar hanyar da ta tashi daga Tasawa zuwa Damagaram, duk mai wucewa a mota yana iya tsayawa ya gani. A 2020 an fitar da wani fim na gaskiya mai suna African Apocalypse, wanda Rob Lemkin ya shirya tare da Femi Nylander, suka bi hanyar rundunar gari gari. Abin da ya fi tsaya mini a rai a cikinsa shi ne dattawan da suka zauna gaban kyamara suna faɗin abin da kakanninsu suka gaya musu, da Hausa, ba tare da jaruma ko sihiri ba: ta ina aka shigo, wa aka kashe, ina aka zuba gawarwaki. A Ƙonni da Koran Kalgo da ƙauyukan da ke tsakaninsu har yanzu akwai masu riƙe da irin wannan labari, kuma yawancinsu sun tsufa. Marubutanmu na Hausa da ke Maraɗi da Tawa da Damagaram sun fi kowa kusa da su, kuɗin mota kawai ke tsakani.